Sharhi: Buƙatar Ƙaro Ilmi Ga Jami'an Kula Da Kifi Da Fadamun Jihar Jigawa

Sanin kowa ne cewa Allah Ya albarkaci Jihar Jigawa da fadamu da tafkuna, tun daga Ringim da Taura, zuwa Miga da Jahun, har a dangana da Hadeja da Guri. A ƙaramar hukumar Jahun, musamman yankin Harbo, magidanta da dama sukan haɗa noma da su, kuma da kuɗin karfasa da tarwaɗa da gaiwa suke toshe ƙofofi da yawa kafin amfanin gona ya iso gida. Sai dai duk wanda ya zauna da dattawan masunta zai ji koke iri ɗaya, wato kifi ya ragu, kuma wanda ake kamawa bai kai girman na da ba.

Dalilan wannan raguwa ba ɓoyayyu ba ne. Kifin fadama da ambaliya yake rayuwa. Idan kogi ya cika da damina ya malala cikin ciyayi, nan kifi yake bi ya zuba ƙwai, nan 'ya'yansa suke samun abinci da mafaka, kafin ruwa ya janye su koma kogi ko su tsaya a tafkuna. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa yake zuwa a kogin Hadeja ya canza. Malalar da aka saba ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan har da rani, abin da ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. Bugu da ƙari, akwai laifin hannunmu: koma mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, da dumba da ke tare mashiga baki ɗaya, da masu zuba guba a ruwa don ribar kwana ɗaya.

Idan za a iya tunawa, a 1987 aka fara shirin kare dausayin Hadeja da Nguru tare da ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje. A 2008 aka sanya dausayin Baturiya cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, sannan a 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa. A 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da shirin ACReSAL na dala miliyan 700 domin farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Waɗannan duk ci gaba ne. To amma shiri yana da wa'adi, ƙwararren da aka ɗauko haya yakan tattara takardunsa ya tafi. Wanda yake saura a bakin ruwa shi ne malamin gona da jami'in kifi da ma'aikacin gandun daji na yankin.

A nan ne maganar digiri na biyu a fannin kimiyyar kifi ta shigo. Mafi yawan jami'anmu suna da difloma ko digiri na farko, ga kuma sanin wuri da sanin jama'a. Abin da karatu mai zurfi yake ƙara masu shi ne iya auna abu da hujja: yadda ake ƙiyasta yawan kifi a tafki ta hanyar auna tsawo da nauyin abin da aka kama, da gane watan da kowane iri yake ɗaukar ƙwai, da gwada iskar da ke cikin ruwa, da tsayar da faɗin idon koma da ya dace. Jami'in da ya san waɗannan, idan ya nemi a rufe tafki na wasu watanni, zai iya nuna wa sarkin ruwa da dagaci dalili, maimakon ya ce umarni ne daga sama.

Ra'ayinmu shi ne, ya fi alfanu jami'i ya yi wannan karatu yana kan aikinsa. Ɗalibin digiri na biyu dole ne ya gudanar da bincike, binciken kifi kuwa yana buƙatar a bi ruwa ɗaya damina da rani ana rubutawa. Wanda aikinsa ke kai shi bakin tafki kowane mako ya riga ya sami ɗakin gwaji kyauta, kuma masunta za su buɗe masa kwandunansu ba tare da zargin haraji zai sa masu ba. A da, nisa ne uzuri. Yanzu Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen nazarin kifi da kiwonsa, haka ma Jami'ar Bayero ta Kano, ga kuma cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja. Daga Jahun mutum yana iya zuwa Dutse ya dawo a yini guda.

Duk da haka, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Karatun yakan ɗauki kimanin shekara biyu, mai babbar difloma kuma galibi sai ya fara yin difloma ta gaba da digiri. Kuɗin makaranta da na gwaje-gwaje da man babur duk daga albashi za su fito, ga iyali, domin tallafin karatu na asusun TETFund na ma'aikatan manyan makarantu ne, bai haɗa da na ma'aikatu da ƙananan hukumomi ba. Akwai kuma haɗari guda uku da bai kamata a kawar da kai daga gare su ba. Na farko, jami'i ya fake da karatu ya bar wurin aikinsa babu kowa a lokacin da kifi ke hayayyafa. Na biyu, a nemi takardar don ƙarin girma kawai, kundin bincike ya ƙare a kanta yana shan ƙura. Na uku, da zarar an sami shaida a tsallake zuwa wani aiki a birni, a bar jama'ar da aka yi binciken a kansu.

Maganin wannan yana hannun hukuma. Muna kira ga ma'aikatun da abin ya shafa da hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi da su tsara izinin karatu bi da bi, yadda ba za a bar yanki babu jami'i ba, tare da yarjejeniyar yin aiki na wasu shekaru bayan kammalawa. Ya kamata kuma su zauna da jami'o'i a fito da tsarin darussa na ƙarshen mako, a kuma zaɓi batun bincike daga matsalolin ruwanmu, kamar illar kacalla ga kamun kifi, ko irin kifin da ya dace a zuba a kududdufan da ke riƙe ruwa har bazara. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne, duk wanda ya kammala ya dawo ya yi wa masunta bayanin abin da ya gano da Hausa, a gaban hakimi da sarakunan ruwa.

Su ma masunta da shugabannin al'umma suna da nasu nauyin. Idan jami'i ya zo da ma'auni da littafi, a ba shi haɗin kai, a gaya masa gaskiyar abin da aka kama. Alƙaluman gwamnatin tarayya sun nuna ƙasar nan na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa ya yi ƙasa da haka sosai, saura kuma ana cike wani ɓangarensa da kifin da ake shigo da shi daga waje. Kasuwa na nan tana jira, matuƙar mun tsare ruwan da kifin zai hayayyafa, muka kuma horar da mutanen da za su tsare shi. Allah Ya albarkaci ruwanmu da gonakinmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, amin.