Daga Lugard Hall Zuwa Turunku Ba Saukowa Ba Ce

A wannan makon ina so mu duba wasu kujeru guda biyu da suka shafe mu kai tsaye, ko da yake shekarunmu ba su kai na jefa ƙuri'a ba. Ta farko ita ce kujerar ɗan majalisar dokokin jiha. Ta biyu kuma ita ce kujerar shugaban ƙaramar hukuma, wanda muka fi sani da ciyaman. Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan ɗan majalisa ya bar majalisa ya nemi ciyaman, to ya ci baya ke nan. Ni ban yarda ba. Ina ganin ɗan majalisar da ya san aikinsa, kuma yake kishin mutanensa, babu inda zai fi amfanar su kamar kujerar ciyaman.

Bari mu fara da gida. Rigasa tana cikin ƙaramar hukumar Igabi, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar Kaduna, kuma hedikwatarta tana Turunku. Majalisar dokokin jiha kuwa tana zama ne a Lugard Hall cikin garin Kaduna, da mambobi 34. Igabi tana da kujeru biyu a can, ta Gabas da ta Yamma. Mu 'yan Rigasa mun san darajar wannan majalisa, domin Honorabul Yusuf Zailani mai wakiltar Igabi ta Yamma ya zama kakakinta a watan Fabrairun 2020, ya riƙe har zuwa 2023.

To mene ne aikin ɗan majalisa? Yana yin doka, yana duba kasafin kuɗin da gwamna ya kawo, yana kuma bin diddigin yadda aka kashe kuɗin. Aiki ne babba. Amma shi mutum ɗaya ne cikin 34, kuma ba shi ke aiwatarwa ba. Zai iya miƙewa ya ce kwalbatin unguwa kaza ya karye, a amince da ƙudurinsa, amma sai ɓangaren zartarwa ya ga dama za a kawo siminti.

Shi kuwa ciyaman fa? Kundin tsarin mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, da gyaran hanyoyin cikin unguwa da magudanan ruwa, da kwashe shara, da yi wa haihuwa da mutuwa da aure rajista, da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Sannan tana da hannu a harkar makarantun firamare da kiwon lafiya. Ku sake karanta wannan jeri a hankali. Kwatar da ke cika ta shigo gida da damina tana ciki. Bolar da muke ratsawa kan hanyar makaranta tana ciki. Ajin firamaren da ƙannenmu suke zama a ƙasa saboda babu benci yana ciki. Takardar haihuwar da ake nema in za a yi maka rajistar jarrabawa ma tana da alaƙa da shi. Ta yaya kujerar da ke riƙe da waɗannan abubuwa za ta zama ƙarama?

A ƙasarmu an saba ganin ɗan majalisar jiha yana kallon sama ne kawai. Simon Lalong ya yi kakakin majalisar dokokin Filato, daga baya ya zama gwamna a 2015. Ahmadu Umaru Fintiri ya yi kakakin majalisar Adamawa, ya riƙe kujerar gwamna na wucin gadi a 2014, sannan aka zaɓe shi gwamna a 2019. Babu laifi a cikin haka. Sai dai kujerar gwamna guda ɗaya ce a kowace jiha, ƙananan hukumomi kuwa 774 ne a Nijeriya. Idan duk ƙwararru suka zuba wa kujera ɗaya ido, wa zai riƙe sauran?

A Amurka akwai wani misali da ya kamata mu sani, musamman da yake mai shi malamin makaranta ne. Sunansa John Olszewski, daga jihar Maryland. Ya koyar a makarantar sakandare ta gwamnati. A 2006, yana ɗan shekara 23, ya shiga majalisar dokokin jiharsu, ya zauna har farkon 2015. Ya nemi kujerar majalisar dattawan jihar a 2014 bai samu ba. A 2018 sai ya nemi shugabancin gundumar Baltimore, wadda a tsarinsu ta yi kama da ƙaramar hukuma a wurinmu, tana da mutane fiye da 800,000. A zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa, bayan an sake ƙidaya, ƙuri'a 17 kacal ya ba abokin takararsa. Ya ci babban zaɓe, aka sake zaɓensa a 2022, kuma a Janairun 2025 ya wuce majalisar wakilan ƙasar. Abubuwa biyu nake so mu lura da su. Na ɗaya, a can babu wanda ya ɗauki barin majalisar jiha zuwa shugabancin gunduma a matsayin faɗuwa. Na biyu, ƙuri'a 17 ba ta kai yawan ɗaliban da ke zaune a layi biyu na ajinmu ba. Duk wanda ya ce ƙuri'arsa ba ta da amfani a zaɓen ƙaramar hukuma, a ba shi wannan labari.

Me tsohon ɗan majalisa zai kawo Turunku wanda sabon shiga ba shi da shi? Da farko ya iya karanta kasafin kuɗi, ya san inda ake ɓoye abu a cikinsa. Na biyu, majalisar jiha ce ke yin dokokin da ƙananan hukumomi ke aiki da su, saboda haka ya san iyakar ikonsa, ba za a ruɗe shi ba. Na uku, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a ma'aikatu da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha idan rufin aji ya yaye. Na huɗu, ya taɓa zama mai yin tambaya, don haka ya kamata ya san cewa kansiloli ba yaransa ba ne, su ne majalisarsa, kuma haƙƙinsu ne su tambaye shi.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce ciyaman ba shi da kuɗi a hannu, domin shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Haka ne. Amma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓun shugabanni ba. An yi ta ja-in-ja a kan aiwatar da hukuncin. To a irin wannan lokaci wa ake bukata? Wanda ya san doka, wanda zai iya tsayawa ya ce wannan haƙƙin mutanena ne.

Wasu kuma za su ce ai wanda ya faɗi zaɓe ne yake komowa neman ciyaman don kada ya zauna haka nan, ko kuma ƙamshin kuɗin ne ya jawo shi. Wannan ma yana iya faruwa. Wanda ya iya karanta kasafin kuɗi ya iya ɓoye abu a cikinsa. Shi ya sa ban ce a zaɓi kowane tsohon ɗan majalisa ido rufe ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A tambaye shi: wace doka ka kawo? Sau nawa ka yi magana a kan makarantun mazaɓarka? Ka dawo ka saurari jama'a, ko sai lokacin kamfen? Amfanin tsohon ɗan majalisa shi ne yana da tarihin da za a duba.

Rigasa ba ƙaramin wuri ba ne. Tun da aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a 2016, baƙi daga ko'ina ta tasharmu suke shigowa. Unguwa irin wannan, mai yara masu ɗimbin yawa, ba ta dace da shugabancin gwaji ba.

Shawarata ga iyayenmu ita ce su ɗauki zaɓen ciyaman da kansila da muhimmanci kamar na gwamna. Ga malamanmu, ina roƙon a shirya mana muhawara a kan wannan batu. Ga 'yan uwana kuma, nan da shekara biyar mu ne masu katin zaɓe. Kafin nan kowa ya san sunan kansilansa da ciyamansa da ɗan majalisarsa, ya kuma san aikin kowannensu, don kada mu riƙa kai kukan kwata inda ba a gyaran kwata.

Allah ya ba mu shugabanni nagari, amin.