Martani: Ba 'ya'yan Kurfai ne suka gaza ba

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce makarantun ba da dama ta biyu a ƙasar Kurfai asarar kuɗi ne, wai ɗalibansu ba sa cin jarabawar BEPC kamar 'yan kwalejin Yamai. Wannan awo zalunci ne.

Ka tambayi kanka su wa ke zaune a ajin? Yaron da 'yan bindiga suka kori malaminsa a karkarar Abala ko Sanam, ya daɗe bai riƙe alli ba. Yarinyar da aka cire daga makaranta saboda daka da ɗiban ruwa. Ɗan makiyayi mai Fillanci ko Tamashek, ana koya masa lissafi da Faransancin da ba ya ji. A 2023 makarantu fiye da 900 ne a rufe a jihar Tilaberi, kuma ba yaran suka rufe su ba.

Wanda ya shigo bai iya rubuta sunansa ba, ya fita yana karanta wa mahaifiyarsa takardar asibiti, ai ya ci nasara, ko da sunansa bai fito a jerin sakamako ba.

Abin nema shi ne ƙarin malamai da abincin rana. Ka zo Filinge a ƙasar Kurfai ka wuni a ajin kafin ka ce a rufe shi.