Dokar Sauyin Yanayi Tana Jiran Masu Tambaya

A makon nan ina so mu ɗan kau da kai daga rigimar jam'iyyu, mu duba wata doka wadda na tabbata da yawa cikin masu karatu ba su taɓa jin ko sunanta ba, alhali kuwa gonarsu da rijiyarsu da murhun gidansu duk suna cikinta. Watau Dokar Sauyin Yanayi, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin watan Nuwamba na 2021, 'yan kwanaki bayan ya yi wa duniya alkawari a taron birnin Gilasgo cewa nan da shekarar 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da ta ke fitarwa da wanda ta ke iya shafewa.

Wannan doka ta sha wuya kafin ta ga hasken rana. Tun cikin 2010 Majalisar Tarayya ta zartar da shirin kafa hukumar kula da sauyin yanayi, amma ya mutu a kan teburin Shugaban Ƙasa. Aka sake kai wani, cikin 2019 aka ƙi sa masa hannu. Sai wani wakili daga Jihar Abiya, Sam Onuigbo, ya ƙi fid da rai, ya sake gabatar da shi, ƙungiyoyin kare muhalli kuma suna biye da shi daga wannan zama zuwa wancan, har Allah Ya nufa aka dace.

To, amma kada mai karatu ya yi saurin tafi, domin mun taɓa ganin irin wannan. Cikin 1979 gwamnatin soja ta kafa doka cewa daga ran 1 ga Janairu, 1984, kamfanonin haƙar mai su daina ƙona iskar gas a banza. Da ranar ta zo, sai aka buɗe ƙofar uzuri, aka yanka tara ta kwabo biyu kacal a kan kowace kafa dubu ta iskar da aka ƙona. Wane kamfani ne zai kashe miliyoyi wajen gyara alhali kwabo biyu ya ishe shi? Aka ci gaba da ƙonawa dare da rana a tsakiyar ƙauyukan Neja Dalta, har akwai yaran da suka girma ba su san duhun dare ba.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne wani mutum guda, Jonah Gbemre, na ƙauyen Iwherekan a Jihar Dalta. Shi ba gwamna ba, ba attajiri ba. A madadin mutanen garinsu ya kai kamfanin Shell da kamfanin mai na ƙasa ƙara, kuma cikin Nuwamba 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci cewa ƙona gas ɗin nan ya tauye haƙƙin rayuwa da mutuncin da tsarin mulki ya ba su. Gaskiya ne, ba a zartar da hukuncin yadda ya kamata ba, wutar ma ba ta mutu ba. Amma tun daga ranar maganar ta shiga littafin shari'a, ba mai iya cewa hayaniyar 'yan ƙauye ce kawai. Cikin 2018 kuma aka ɗaga tarar zuwa dala biyu ga manyan kamfanoni.

Mu dawo kan dokar 2021. Ta kafa majalisar ƙasa ta sauyin yanayi, Shugaban Ƙasa da kansa ne shugabanta, an kuma keɓe kujeru domin wakilan mata, da matasa, da naƙasassu, da ƙungiyoyin muhalli. Ta kafa asusu na musamman. Ta ce a riƙa tsara shirin aiki duk shekara biyar, a shigar da wannan ilmi cikin manhajar makarantu, kuma duk kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye ya ɗauki matakin rage hayaƙinsa. A takarda kam, madalla. Amma wa ya taɓa tambayar nawa ya shiga asusun nan, ina kuma aka kai shi? Wa ya san sunan wanda ke zaune kan kujerar matasa da sunanmu?

Kwanan baya na yi wannan zance a wata majalisar hira, sai wani dattijo da na ke girmamawa ya ce mini, ai fari da ambaliya ikon Allah ne, ɗan majalisa ba ya sauko da ruwa. Na ce, Baba, wannan haka ya ke. Sai dai Wanda Ya saukar da ruwan Shi ne Ya ba mu hankalin gyara madatsa. Cikin 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Cikin Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya cinye unguwannin Maiduguri. Kuɗin duba madatsa da yashe magudana da dasa itatuwa a bakin hamada duk cikin kasafi a ke sa su, kasafin nan kuwa ɗan majalisa ne ke ɗaga hannu a kansa. Baba ya yi shiru, sa'an nan ya ce in ci gaba.

Ga kuma batun wutar lantarki, wanda ni a ganina nan ne ya fi kamata mutanen Arewa su farka. Cikin 2023 an gyara tsarin mulki, aka kuma kafa sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba kowace jiha ikon samar da wutarta da rarraba ta. Jihar Inugu tun 2024 ta karɓi ragamar tata. A cikin Oktoba na 2024 kuwa, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohinmu suka kwana da kwanaki cikin duhu, masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara suka naɗe hannu. Mu da rana ke gasa wa ƙeya tun safe har la'asar! Tun da aka cire tallafin mai cikin Mayu 2023, mai noman rani ya san abin da injin ban ruwa ke ci. Dokar jiha da za ta sauƙaƙa wa ƙungiyar manoma samun famfo mai aiki da hasken rana, ko ta ba kasuwa damar kafa ƙaramar tasharta, a majalisar jiha za a yi ta, kuma wakilinta yana zuwa garinku ɗaurin aure.

Abin takaici, in mun gan shi, kuɗin cefane mu ke roƙo, ko kujerar Makka. Ya ba ka dubu biyar ya rufe bakinka shekara huɗu. Da ƙungiyar manoma, ko ta 'yan kasuwa, ko kwamitin masallaci za su rubuta takarda guda, mutum ɗari biyu su sa hannu, su aika da wakilai ranar da majalisa ta kira jin ra'ayin jama'a, da abin ya bambanta. Akwai ma dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta wajabta wa ma'aikata ta amsa takardar ɗan ƙasa cikin kwana bakwai, ko ta faɗi dalilin ƙi.

Ni dai zan gwada. Zan rubuta wa wakilin mazaɓarmu in tambaye shi matsayin dokar lantarki ta jiharmu, da abin da aka ware wa magudanun ruwa kafin damina. In ya amsa, zan buga amsar a nan ba ragi ba ƙari. In kuma ya yi shiru, shi ma zan faɗa. Wanda ya rubuta wa nasa, ya aiko mana da kwafi ta hannun Edita.