FILIN JIRGIN DA BA A NUNA MANA A FIM

A watan nan na so in taɓo furodusoshin nan masu cinye kuɗin 'yan wasa ne, to amma wata wasiƙa da ta zo daga Dodoru, can cikin ƙaramar hukumar Gwandu ta jihar Kebbi, ta sa na jingine wancan zancen. Furodusoshi ku ɗan sha iska, ba mantawa na yi da ku ba.

Mai wasiƙar saurayi ne, ɗan kasuwa, kuma da ganin rubutunsa ka san fim ba ya wuce shi. Ya ce Allah Ya hore masa ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Umara, shi zai raka ta, kuma ejan ɗinsu ya ce ta Kano za su tashi. Bai taɓa shiga jirgi ba, ita ma Innar tasa haka. Tambayarsa guda ce: wai yadda muke gani a fim, haka filin jirgi yake?

Ɗan'uwa, wallahi ba haka yake ba.

Kowa ya san filin jirgin cikin finafinanmu. Za a fara nuno jirgi a sama yana keta gajimare, sai a yanko jarumi yana fitowa da baƙin tabarau, kwat a kafaɗa, yana jan 'yar ƙaramar jaka da yatsa biyu. Wai shekara bakwai ya yi yana karatu a Landan, amma kayansa ba su kai na wanda ya je kwana ɗaya Wudil ba. Direba ya rusuna ya karɓi jaka, ƙanwa ta ruga ta ce "oyoyo Yaya!", budurwa tana gefe tana sunne kai, daga nan sai waƙa. Mun koya ne wajen Indiyawa, su da Shah Rukh Khan ma a helikwafta ya dira ƙofar gidansu a fim ɗin Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001. Ban ga laifin daraktocinmu sosai ba, domin ba a shiga cikin filin jirgi da kyamara haka kawai sai da izini, ga kuɗi, ga ɓata lokaci. Shi ya sa suke tsayawa a wurin ajiye motoci. Sai dai duk abin da zai iya jefa matafiyi cikin uku, can cikin ginin yake, inda kyamararmu ba ta shiga.

Na san za ka ce me ya sa sai Kano, alhali ga filin jirgin Sa Ahmadu Bello nan a Ambursa, kusa da ku? Ai daga nan ne ma jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi ranar 15 ga Mayu, 2024. Gaskiya ne, amma wannan jigilar Hajji ce, wadda hukuma ke shiryawa, a tara maniyyata a sansani, a yi musu bita, a ɗora musu jami'ai har su je su dawo. Mai Umara kuwa fasinja ne kamar kowa, shi da tikitinsa, dole ya bi inda jiragen ƙasashen waje ke sauka a kai a kai. A Arewa Kano ce uwa a wannan fanni. Tun a watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, zuwa 1936 kuma an fara jigilar fasinja. Filin Malam Aminu Kano shi ne mafi tsufa a ƙasar nan. Tsohon wuri kuwa ba ya rasa tsofaffin 'yan gari masu jiran baƙo.

Ku taho Kano tun ana gobe tafiya, kuma da rana. Hanyar Sakkwato zuwa Gusau zuwa Funtuwa ba wadda ake yi wa gaggawa ko tafiyar dare ba ce a wannan zamani, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ranar tashi ku isa fili aƙalla awa uku kafin lokacin da ke jikin tikiti, kuma ka faɗa wa mai mota a fili cewa ɓangaren ƙasashen waje za ku, domin ginin jiragen cikin gida daban yake. Ku gama ciniki kafin ku shiga motar. Da Bakano ya ji ka ce "mi kac ce?" ya san daga yamma ka fito, kuɗin mota ya tashi ke nan. Fasfo, biza, tikiti da katin allurar rigakafi su zauna a 'yar jakar da ke rataye a wuyanka, naka da na Inna, kada ko ɗaya ya shiga babban akwati. Ka duba fasfo tun a gida, a tabbata yana da sauran wata shida ko fiye kafin ya ƙare.

Kuna sauka za a yi muku caa. Wannan ya ce ya kawo kura ya tura muku kaya, wancan ya ce ya san wani a ciki ba sai kun bi layi ba. Ka yi musu godiya ka riƙe kayanka. Sai kuma mai zuwa da ladabi, wani lokaci ma dattijuwa ce da carbi a hannu, ta ce ɗana don Allah ga ɗan ƙullin yaji da kuka ka miƙa wa 'yata a Makka, za ta zo ta same ka. A nan ne tarbiyyarmu ta ƙauye ke cutar mu, domin an koya mana ba a ce wa babba a'a. To a filin jirgi ana cewa. Ka ce mata ta yi haƙuri, ejan ya hana. Ka kuma ja kunnen Inna tun daga gida, don ita za a fi zagayowa ta wajenta.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau, wato wurin awon kaya. Za ka miƙa fasfo a kanta, a ɗora akwatinka a sikeli, a liƙa masa wata doguwar takarda mai lamba, ya bi bel ya shige ciki. Daga nan sai a ba ka takardar shiga jirgi, a liƙa wata 'yar mitsitsiyar takarda mai irin waccan lambar a bayanta ko a bangon fasfonka. Yawancin mutane ko kallonta ba sa yi. Ita ce kuwa shaidar da ke cewa akwati kaza naka ne. Duk jakar da aka liƙa wa sunanka, a wajen hukumar ƙasar da za ka sauka taka ce, ko ka taɓa ganinta ko ba ka taɓa ba.

Ba tatsuniya nake yi maka ba. A ƙarshen Disamba na 2018 wata ɗalibar jami'a, 'yar asalin jihar Jigawa, ta tashi daga Kano zuwa Umara tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta. Suna masauki a Madina jami'an Saudiyya suka zo suka tafi da ita, wai an sami jaka mai sunanta cike da ƙwayar Tramadol. Yarinya ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Da hukumar NDLEA ta bi sawu, sai ta gano wasu ma'aikata ne a filin jirgin Kano suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Sai ranar 30 ga Afrilu, 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu a tsare, kuma sai da maganar ta kai fadar shugaban ƙasa. Ka tuna hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne, kuma a farkon wannan watan na Afrilu aka zartar wa wata 'yar Nijeriya da shi. Mutane suka ce to an gano bakin zaren, an huta. Ina! A watan Agusta na 2025 aka sake kwatawa: mutum uku da suka tashi daga Kano ta Adis Ababa zuwa Jidda aka tsare su a kan jakunkunan da ba nasu ba, NDLEA ta sake kama wasu gungu ciki har da masu aikin lodin kaya, sannan aka sako bayin Allah bayan makonni.

Yadda abin ke faruwa ba wuya. Tikitin kowane fasinja yana da adadin jakar da aka yarda ya auna, sau da yawa biyu, kowace kilo 23, gwargwadon kamfani. Mai zuwa Umara daga ƙauye kuwa da 'yar jaka ɗaya yake tafiya, yana tanadin wuri don tsarabar dawowa. Wannan gurbin da ya bari shi ɓata-gari ke nema. Tsohuwa irin Inna, wadda ba ta karanta boko, ba ta kuma saba yi wa mai inifom tambaya ba, ita ce abin farautarsu.

Saboda haka kai da kanka za ka tsaya a kanta, kada ka ba ejan ko yaronsa fasfo ya je ya auno muku kuna zaune a benci. In jaka ɗaya ka auna, ka ga 'yar takarda ɗaya aka liƙa maka. In ka ga biyu, kada ka gusa daga wurin sai an warware. Ka tambayi ma'aikacin da bakinka: jaka nawa ke kan sunana, nawa ke kan sunan mahaifiyata? Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne. Ka ɗauki hoton akwatunan a kan sikeli da wayarka, ka ɗauki hoton 'yan takardun, ka tura wa wani ɗan'uwa a gida kafin ku tashi. In wani fasinja ya ce kayansa sun yi yawa ka ara masa sauran kilonka, ko da ladan zai ba ka, ko da limamin garinku ne ya haɗa ku, amsar dai ita ce wadda ka ba dattijuwar ɗazu.

Af, marubutan industiri, kuna ina? Kullum kuka shi ne babu labari, sai kishiya da gado da soyayyar 'yar mai kuɗi da ɗan talaka. Ga labari nan a bayan Sabon Gari, mintuna kaɗan daga ofisoshinku, mai tsoro da hawaye da bincike, har da uban da ya ƙi zama sai ya wanke 'yarsa. Wanda ya fara yin sa da kyau zai ga kasuwa, ya kuma sami lada.

Sauran matakan ba su da wahala, layi ne da haƙuri. Jami'an lafiya su duba kati, kwastan da NDLEA su leƙa kaya, na shige da fice su buga hatimi a fasfo, sannan a wuce ta na'urar da ke haska jiki da jakar hannu. Ruwa, turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu, haka wuƙa, reza da almakashi. Batirin cajin waya kuma akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin akwatin awo. Goro fa? Na san Inna ba ta wuni ba ta ɓantara ba, amma Saudiyya ta hana shiga da shi, hukumar alhazai kuma kowace shekara sai ta maimaita gargaɗin. Ta ci rabonta a Kano. Maganin hawan jini ko na ciwon ƙafa ya tafi cikin kwalinsa tare da takardar likita, ban da ƙulle-ƙullen garin magani a leda marar suna. In wani mai inifom ya ce a ba shi na shan ruwa, ba dole ba ne, matuƙar takardunku sun cika.

In jirginku mai yada zango ne a Adis Ababa ko Alƙahira, kada ka bi ayarin masu fita gari. Ka nemi allon da ke nuna lambar jirginku da lambar ƙofa, ku je bakin ƙofar ku zauna tukuna, sannan a nemi bayi da wurin salla. Lokacin da ke jikin tikiti na garin da kake ne, ba na Nijeriya ba, kuma Habasha da Saudiyya duk suna gabanmu da awa biyu. Mutane da yawa sun rasa jirgi suna zaune suna kallon agogon gida. Haraminka ma ya kasance a jakar hannu in Jidda za ku sauka ku wuce Makka, domin a sama ake keta miƙati. Ka tambayi malaminku hukuncin wannan tun kafin ku baro Dodoru.

A filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda za a ɗauki hoton fuska da zanen yatsu, sannan ku je inda bel ke zagayo da kaya. Akwatunan Kano duk kamarsu ɗaya, balle jakar nan ta Ghana-mos-go, don haka ka ɗaura wa naku ƙyallen atamfa mai launi tun daga gida, amma duk da haka kada ka ɗauka sai ka gwada lambar jikinsa da ta 'yar takardarka. In aka nuno maka wata jaka aka ce ga sunanka a jiki, alhali ba ka san ta ba, ko hannu kada ka kai mata. Ka fito da hotunan wayarka, ka nemi a kira maka tafinta, kada kuma ka sa hannu a takardar da aka rubuta da Larabcin da ba ka karanta ba. Nijeriya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda, ka nemi lambarsu wajen ejan ka rubuta a takarda, ba a waya kaɗai ba. In kuma akwatinku ne bai iso ba, ka kai rahoto a ofishin kamfanin jirgin kafin ka fita daga zauren, a ba ka takardar shaida. 'Yan takardun nan masu lamba kuwa ka adana su har ku dawo gida, domin ita waccan ɗalibar ba a filin jirgi aka kama ta ba, sai da ta kai masauki.

Ka gaida mana Inna, a ce ta sa mu a addu'a in ta je gaban Ka'aba. Furodusoshi kuma mu haɗu a wata mai zuwa.