Idan kiɗan tsohon wasa ya kauce, a duba sunan fayil kafin a zargi na'ura

Matashi ya sauke manhajar ScummVM a wayarsa ta Android, ko ya sayi ƙaramar na'urar wasa ta hannu irin Anbernic ko Miyoo Mini, ya buɗe The Secret of Monkey Island. Hoto ya fito tas, Guybrush Threepwood yana yawo a tsibirin Mêlée, amma kiɗan da ke tashi bai dace da wurin ba. An shiga mashayar 'yan fashin teku, sai a ji kiɗan wani waje dabam. Wasu kan kashe sautin su ci gaba da wasa. Wasu kuma su ce na'urar ce jabu, su fara tara kuɗin sayen wata. Duka biyun kuskure ne, domin gyaran ba ya cin ko kwabo, kuma sau da yawa bai wuce canza sunan fayil ba.

Asalin matsalar yana cikin yadda aka yi faifan. Kamfanin Lucasfilm Games, wanda daga baya ya koma LucasArts, ya fitar da wasan a 1990, sannan ya sake fitar da shi a faifan CD a 1992. An raba faifan kashi-kashi, kowane kashi da lambarsa. Kashi na 1 bayanan wasa ne, kiɗa kuwa daga kashi na 2 yake farawa. Wayar salula ba ta da wurin sa faifai, don haka sai an kwafe kiɗan an mayar da shi fayil na MP3, Ogg Vorbis ko FLAC, an ajiye shi a folda ɗaya da wasan. Manhajojin kwafe faifai kan bi lambar da ke jikin faifan, sai su sa wa kiɗan farko lamba 2. ScummVM kuwa tana neman kiɗan farko da sunan track1. Daga nan kowane kiɗa ya goce da mataki ɗaya, na farko ya ɓace, sauran kuma kowanne ya faɗa gurbin da ba nasa ba.

Gyaran shi ne a rage ɗaya daga kowace lamba: track2 ya koma track1, track3 ya koma track2, har zuwa ƙarshe. A fara daga ƙaramar lamba don kada sabon suna ya ci karo da wanda yake nan. Mai amfani da manhajar canza sunaye a dunƙule ya kula, wasu manhajojin suna jera track10 kafin track2, kuma idan aka bar su a haka za su hargitsa jerin fiye da da. Kafin a taɓa komai, a ajiye kwafin foldar a wani wuri.

Akwai wata matsalar mai kama da wannan, inda kiɗan da ya dace ne ke tashi amma kayan kiɗan sun sauya, sarewa ta koma wani abu mai ƙara. Wasannin da suka zo a faifan fulofi ba su ɗauke da sautin da aka naɗa. Umarni suke bai wa katin sauti na kwamfuta, shi kuma ya kaɗa. A wancan zamanin akwai katin AdLib, akwai akwatin Roland MT-32 na 1987, sai tsarin General MIDI da ya zo a 1991. MT-32 da General MIDI ba su jera kayan kiɗansu da lambobi iri ɗaya ba, shi ya sa kiɗan da aka tsara wa ɗaya yakan fita a karkace a ɗayan. A saitunan sauti na ScummVM ake zaɓen na'urar kiɗa. Zaɓin AdLib shi ne mafi sauƙi, ba ya neman ƙarin fayil kuma ba ya wahalar da ƙaramar na'ura. Kwaikwayon MT-32 yana buƙatar fayiloli biyu na asalin akwatin, yana kuma cin ƙarfi, har sauti ya riƙa yankewa a na'ura mai rauni. Gara a yi saitin a kan kowane wasa shi kaɗai, tunda abin da ya dace da wannan ba lallai ya dace da wancan ba.

Wani zai ce wannan wahala ce a kan wasan da ya haura shekara 30, kuma tunda ana karanta zancen a rubuce, kiɗa ƙari ne kawai. Waɗanda suka yi wasannin ba haka suka ɗauke shi ba. Saboda Monkey Island 2 na 1991, Michael Land da Peter McConnell suka ƙirƙiro tsarin iMUSE, wanda ke sa kiɗa ya sauya salo a hankali yayin da mai wasa ke fita daga wannan ɗaki zuwa wancan. A wasan Loom na 1990, da jerin sauti huɗu-huɗu ake yin sihiri, wato kunne na cikin kayan wasan. A bugun CD na Loom an zuba muryoyin duka a doguwar sauti guda, wasan yana tsallakawa zuwa daidai daƙiƙar da yake so. Idan aka yanke farkon fayil ɗin ko aka ƙara masa shiru, magana sai ta fara daga tsakiyar kalma. Wanda ya kashe sauti a irin waɗannan wasanni ya bar rabin abin da ya zo nema.

Wani kuma zai ce ai manhajar ce ya kamata ta gane kuskuren ta gyara da kanta. Ƙorafin yana da hujja, sabon shiga ba zai yi tunanin kashi na 2 shi ne track1 ba. Sai dai ScummVM aikin sa-kai ne da aka fara a 2001, kyauta ake ba da ita, kuma wasanni masu yawa take ɗauke da su, wasunsu da bugu fiye da ɗaya. Lambar fayil take karantawa, ba ta sauraron abin da ke ciki. Waɗanda suka fi cancantar zargi su ne masu sayar da na'urori da katin memori cike da wasanni da ba su taɓa buɗewa sun gwada ba. Mai saye yana da haƙƙin ya ce a kunna masa wasa ɗaya ko biyu ya saurara kafin ya biya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mai son koyon saitin ba sai ya kashe kuɗi ba. Beneath a Steel Sky da Flight of the Amazon Queen wasanni ne da masu su suka sake kyauta, ana samun su a shafin ScummVM. A buɗe ɗaya, a saurari kiɗan farko da AdLib, a canza zuwa wani zaɓin a sake saurara. Kunnen da ya san wannan bambancin zai iya gane ko kiɗan ne ya faɗa gurbin da ba nasa ba, ko kayan kiɗan ne suka sauya. Idan na farko ne a nufi foldar wasan, idan na biyu ne a nufi saitunan sauti.