Kanosa: Inda Sarki Ya Yi Kwana Uku a Bakin Ƙofa

Kanosa ɗan ƙauye ne bisa tudu a arewacin Italiya, fadarsa kuwa yanzu sai kufai. A nan ne, cikin watan Janairu na 1077, Sarki Henri na Huɗu na Jamus ya yi kwana uku a bakin ƙofa cikin ƙanƙara, ba takalmi, yana roƙon Fafaroma Giregori na Bakwai ya janye korar da ya yi masa daga coci, domin hakimansa sun yi niyyar tuɓe shi. Matilda, mai fadar, ta sa baki aka yafe masa.

Ashe tuban muzuru ne. A 1084 Henri ya ci birnin Rum da yaƙi, Fafaroman kuma ya rasu a gudun hijira a 1085.