Kai yara Agodi ba almubazzaranci ba ne

Jama'ar Sabo, mu faɗa wa juna gaskiya. Da magidanci ya ce zai kai iyalinsa lambun Agodi ranar Lahadi, sai majalisa ta ɗauki zolaya, wai ya zama ɗan boko, wai kuɗi sun yi masa yawa. Alhali abin da masu zolayar ke kashewa a tsire da kallon ƙwallo ya fi kuɗin shiga lambun.

Ku dubi inda 'ya'yanmu ke wasa: bakin kwata, a tsakanin 'yan acaɓa. Ga lambun nan tun 1967, nan kusa da Mokola, da ciyawa da inuwa da tafki, amma sai yaron Sabo ya shekara goma bai taɓa taka shi ba.

In ma an je, sai ranar Sallah, a tura ƙanana da yayarsu 'yar shekara sha biyu cikin cunkoso, ga ruwa a gefe. Wannan sakaci ne, kuma amana ce za a tambaye mu. Uba ya tafi da kansa tare da uwar yara, a zuba shinkafa a kula, a ɗauki tabarma, a dawo kafin magariba. Majalisa dai tana nan gobe.